Mene Ne Bakteriya? Ma'anarta Da Bambancinta Da "Ƙwayar Cuta"

A rediyo da asibiti kullum muna jin "ƙwayar cuta", wani lokaci kuma a ce "bakteriya". Mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne, alhali akwai bambanci.

Bakteriya halitta ce mai rai wadda duk jikinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Asalin kalmar daga harshen Girka ne, ma'anarta ƙaramar sanda, saboda siffar wasunsu. A shekarar 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano wadda ke kawo tarin fuka. Kwalara da taifot ma aikinsu ne.

Ita kuwa "ƙwayar cuta" jaka ce da muka zuba komai a ciki. Ni ɗan mai fataucin shanu ne a nan Gwantu, don haka bari in yi misali da garke. Ciwon huhu da bakale, bakteriya ke kawo su. Sammore, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, wata halitta ce daban mai ƙwaya ɗaya, maganinta ma daban. Boru, ciwon baki da kofato, bairos ne, shi ko cikakkiyar ƙwayar halitta bai kai ba.

Sannan ba kowace bakteriya ce cuta ba. Su ke mayar da madara kindirmo, su ne kuma a tumbin saniya suke narka mata ciyawa. Ka ga kiran waɗannan ƙwayoyin cuta an zalunce su.

To ina amfanin sanin wannan? Allura irin su Terramycin bakteriya take kashewa, ba ta taɓa bairos. Amma a kara sai ka ga duk dabbar da ta langwaɓe an danna mata ita. Kuɗi sun tafi, kuma yau da gobe bakteriyar jikinta ta saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi ci. Bairos kuwa rigakafi ne babban makaminsa. Da shi aka ga bayan bushiya a duniya a 2011, kuma cibiyar Vom da ke jihar Filato tana haɗa alluran rigakafin dabbobi.

Saboda haka 'yan uwa, idan malamin dabbobi ko likita ya ce ƙwayar cuta ce, a tambaye shi wace iri kafin a sayi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, mu da dabbobinmu.