Sansanin Koyon Kimiyya da Injiniyanci ga 'Yan Mata a Lokacin Dogon Hutu

Ma'anarsa

Sansanin kimiyya shiri ne na mako ɗaya ko biyu, inda ake tara 'yan mata 'yan sakandare a lokacin dogon hutu, wato daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba, domin koyar da su kimiyya da injiniyanci a aikace. Bambancinsa da aji shi ne, a nan ɗaliba da hannunta take aikin, ba kwafe daga allo ba.

Abubuwan da ake koyarwa

Daga cikin ayyukan da aka saba yi akwai haɗa waya da batir da ƙwan fitila, da kunna ƙaramar fanka da faifan sola, da auna ruwan sama, da sarrafa kwamfuta. Akwai kuma tace ruwa da yashi da tsakuwa da gawayi, inda ake nuna wa ɗalibai cewa tacewa tana fitar da datti amma ba ta kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ruwan. Galibin kayan nan ana samun su a kasuwar Daura.

Tarihinsa a taƙaice

An kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta Nijeriya, APWEN, a shekarar 1982, kuma jawo 'yan mata zuwa wannan sana'a yana cikin manufofinta. A 2008 aka kafa cibiyar W.TEC a Legas, wadda ta shahara da shirya wa 'yan mata sansanin fasaha a lokacin hutu. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 11 ga Fabrairu ta kowace shekara domin mata da 'yan mata a fannin kimiyya.

Muhimmancinsa ga Sandamu

Sandamu na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, a ƙarƙashin Masarautar Daura, kuma a nan Makarantar Sakandaren Kimiyya ta 'Yan Mata ta Gwamnati take. A Daura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda aka aza harsashinta a watan Disamba na shekarar 2019. Har ila yau, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020.

Sai dai kusancin makarantu kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Ɗaliba tana zaɓen fanni ne idan za ta shiga babbar sakandare. Wadda ba ta ɗauki Fiziks da Kemistiri a wannan mataki ba, zai yi mata wuya ta karanta injiniyanci ko likitanci daga baya, domin jami'o'i suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da waɗannan darussa, da kuma Bayoloji ga mai son likitanci. Saboda haka hutun da ya biyo bayan aji uku na ƙaramar sakandare shi ne lokacin da sansani ya fi amfani. Yarinyar da ta haɗa fitila ta ga ta kama, ba za ta ƙara jin cewa kimiyya ta maza ce ba. Kowa kuma ya san buƙatar da ake da ita ta mata likitoci da ungozoma a asibitocin karkara.

Abubuwan lura ga iyaye da jami'ai

Dogon hutu yana zuwa ne a tsakiyar damina, lokacin da gida yake buƙatar hannu. Don haka ya fi dacewa a yi shirin da safe, ɗalibai su koma gida kafin azahar.

Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, tsaro ya zama abin da iyaye suke fara tambaya. Tsarin jeka-ka-dawo a makarantar da ke kusa ya fi kwantar da hankali.

Ya kamata a sami izinin hukumar ilimi da rubutacciyar amincewar iyaye, a sanar da hakimi da dagatai, a kuma sa malamai mata cikin masu koyarwa. Iyaye suna da haƙƙin sanin wanda ya shirya, da wurin, da ko akwai kuɗin da za a biya.

Bayan an tashi, a miƙa kayan aikin ga kulob ɗin kimiyya na makaranta, wato JETS, domin ɗalibai su ci gaba da amfani da su idan an koma karatu.