Daga Akwatin Katako Zuwa Allon Bango: Talabijin a Sabon Badun



Kwanakin baya wani ɗanmu ya tare ni bayan La'asar, wai in ba shi shawara kan babbar talabijin da yake son saye, ta kallo da buga gem. Na ce masa, zauna tukuna ka ji inda abin ya faro.

A garin nan aka fara talabijin a Najeriya. Ranar 31 ga Oktoba 1959 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tashar WNTV a Agodi. A lokacin Sabo ta haura shekara arba'in da kafuwa, tun 1916. Enugu ta biyo baya a 1960, Kaduna a 1962. Hoto mai launi kuwa daga Jos ya fara, a 1975. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin suka zama NTA, sannan a 1992 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu.

Mu da muka tashi a shekarun 1970 mun san akwatin nan mai ƙofofin katako da makulli, hoto baƙi da fari. A layi guda da ƙyar ka sami gida ɗaya mai shi. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma. A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a tura yaro ya riƙa juya eriyar da aka ɗaure a kan gora, ana ce masa "ya yi! a'a, koma!" Daga baya, ranar da za a nuna Samanja, Sabo kan yi tsit, don jin Hausa a akwatin nan a tsakiyar ƙasar Yarbawa ba ƙaramin abu ba ne. Amma da ladan ya kira Magariba, maigida zai rufe ƙofofin ya jefa makulli a aljihu. Babu mai musu.

Sai bidiyo mai kaset ya shigo da finafinan Kano, sai dish, sai allon da ake maƙalawa a bango.

To, ga abin da na gaya wa ɗan namu. Girman allo daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kuma inci 55 na son tazarar kamar mita biyu; ɗakunan Sabo kun san su, a auna kafin a je kasuwa. Full HD ɗigon hoto 1920 ne sau 1080, 4K kuwa 3840 sau 2160, ninki huɗu ke nan, sai dai in tashar da kake kamawa ba ta aiko da irin wannan hoton ba, kuɗinka bai yi maka aiki ba. Mai gem ya duba yawan kafofin HDMI, da tsarin gem da ke rage jinkiri tsakanin hannu da allo. PlayStation 5 na iya cin moriyar allo mai 120Hz. Kada a manta da sitabilaiza, don wutar da ta dawo da ƙarfi ba ta tambayar farashi. In tokumbo ce, a kunna a gabanka, ka duba tabo da layi, ka karɓi rasit.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Akwatin iyayenmu yana da makulli, tasha kuma tana rufewa da dare. Na yau ba ya barci, har da intanet a cikinsa. Saboda haka a ajiye shi a falo inda idon babba yake, a yanka masa lokaci, kada ya ci Islamiyya, kada ya ci Asuba. Makullin yanzu maigida ne da uwargida.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muka saya da guminmu.