FASHIN BAƘI: Yadda kifin talakan Afirka ta Yamma ke zama abincin kifayen kiwo a Turai da Asiya

A shekarar 2022, karon farko a tarihi, kifi da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata sun zarce waɗanda masunta suka kamo daga tekuna da koguna. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ce ta bayyana haka a rahotonta na 2024, inda ta ce kiwo ya samar da tan miliyan 94.4, wato kashi 51 cikin 100 na jimillar abin da aka samu a duniya.

Sai dai kifin kiwo ma sai ya ci, kuma wani kaso na abincinsa kifi ne ɗan uwansa. A wannan shekarar, kimanin tan miliyan 17 na kifin teku aka niƙa aka mayar gari da mai, akasari domin ciyar da kifayen kiwo, sai kuma aladu da kaji. Daga cikin wuraren da ake kwaso wannan kifi har da gaɓar Tekun Atilantika daga Moritaniya zuwa Senegal da Gambiya, inda shi ne naman da talaka ke iya saye.

Wane kifi ake magana a kai?

Ƙananan kifaye ne masu maiƙo da ke yawo garke-garke kusa da saman ruwa. Manya a cikinsu su ne sadinela, wadda ta kasu iri biyu, mai kewayayyen jiki da mai faffaɗan jiki, sai kuma bonga, da ke son bakin kogi inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. A Senegal ana kiran sadinela yaboy. Mata ne ke gasa ta, su sa gishiri, su shanya, sannan fatake su kai ta kasuwannin Mali da Burkina Faso da Gini, inda babu teku ko kuma yake da nisa.

Dalilin yalwar kifin a wannan yanki shi ne iska. Iskar da ke kaɗawa daga arewa tana ture ruwan saman teku daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi, wanda ke cike da sinadaran gina jiki, ya taso ya maye gurbinsa. Wannan ruwa ke ciyar da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira filankiton, su kuma kifayen su ci su. Manyan yankuna huɗu ne a duniya ke da irin wannan baiwa: gaɓar arewa maso yammacin Afirka, da gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, da ta Peru da Chile, da ta Kalifoniya a Amurka.

Me masana suka gano a teku?

Ba a ƙirga kifi ɗai-ɗai kamar shanu a ruga. Jirgin bincike kan bi teku yana aika sauti cikin ruwa, na'ura ta auna amon da ya dawo daga jikin garken kifi, sannan a jefa raga a ɗebo samfuri domin tantance iri da girma da shekaru. Jirgin da ya fi shahara a wannan aiki a tekunan Afirka shi ne Dr. Fridtjof Nansen, mallakin ƙasar Norway, wanda ke aiki tare da FAO. An fara shirin a 1975, kuma jirgin da ake amfani da shi yanzu, na uku mai wannan suna, ya fara aiki a 2017.

Daga irin waɗannan bayanai, da kuma alƙaluman kifin da ake saukewa a tashoshi, kwamitin masana na FAO mai lura da ƙananan kifayen yankin ya sha yanke hukuncin cewa ana kama sadinela da bonga fiye da ƙima. Ma'ana, ana ɗibar su da saurin da ya wuce saurin hayayyafarsu. Kwamitin ya yi shekaru yana ba da shawarar a rage kamun sadinela da aƙalla rabi.

Matsala ta biyu ita ce ɗumamar ruwa. Wani bincike da Abdoulaye Sarré na cibiyar nazarin teku ta Dakar-Thiaroye ya jagoranta, wanda mujallar Scientific Reports ta buga a 2024, ya nuna cewa sadinela mai kewayayyen jiki ta gusa arewa da kusan kilomita 180 tsakanin 1995 da 2015. Kifin yana ƙaurace wa ruwan Senegal yana karkata zuwa na Moritaniya da Maroko. Masuncin Senegal da ke fita da kwalekwale dole ya ƙara nisa, ya ƙara ƙona mai, wani lokaci ya tsallaka iyakar ruwan wata ƙasa inda sai da lasisi.

Yadda masana'antun garin kifi suka shigo

Wajen 2010, masana'antun garin kifi a Moritaniya 'yan ƙalilan ne. Kafin shekara goma sun kai gomomi, mafi yawansu a birnin Nuwadibu, da jarin 'yan kasuwar China da Turkiyya da na cikin gida. Senegal ma tana da nata, Gambiya kuma tana da uku, a garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong. Garin yakan tafi China da Turkiyya da Biyetnam, man kuma Turai, inda ake zuba shi a abincin kifin salmon.

Lissafin abin ba shi da wuya: sai an niƙa ɗanyen kifi kilo huɗu zuwa biyar kafin a sami gari kilo ɗaya. A 2021, ƙungiyoyin Greenpeace Africa da Changing Markets sun ƙiyasta cewa fiye da tan rabin miliyan na ƙananan kifaye ake niƙawa duk shekara a yankin, adadin da suka ce zai wadatar da mutum sama da miliyan 33. Masana'anta tana saye da yawa kuma tana biya nan take, don haka mace mai banda, wadda jarinta bai wuce kwando biyu ko uku ba, ba ta iya gogayya da ita a bakin ruwa.

Lamarin ya haifar da tarzoma. A watan Mayun 2017 wani tafki da ke Gunjur ya rikiɗe ya zama ja, kifaye suka mutu, mazauna garin suka zargi ruwan dattin masana'anta. A watan Maris na 2021, bayan kisan wani matashi a Sanyang, fusatattun matasa sun ƙona ofishin 'yan sanda, suka cinna wa masana'antar garin wuta.

Abin da tukunya ke asara

Ƙaramin kifi ana cin sa kusan gaba ɗaya, har kai da ƙaya, kuma a nan ne kalsiyam da ayon da zink da bitamin A suke da yawa. Waɗannan su ne sinadaran da rashinsu ke jawo ƙarancin jini ga mata masu juna biyu da tsumburewar yara.

A 2019, Farfesa Christina Hicks ta Jami'ar Lancaster da ke Ingila da abokan aikinta sun buga bincike a mujallar Nature, inda suka nuna cewa a ƙasashe da dama da ke fama da ƙarancin waɗannan sinadarai, kifin da ake kamawa a ruwansu ya isa ya magance matsalar ga mazauna bakin teku, da a ce yana isa gare su. Wani binciken na 2022 a mujallar Nature Food, wanda ya duba ƙasashe 39, ya gano cewa ƙananan kifaye su ne mafi arha cikin kifaye masu gina jiki a mafi yawan ƙasashen, kuma ƙasa da kashi 20 cikin 100 na abin da ake kamawa zai ishi dukkan ƙananan yaran da ke zaune kusa da ruwa a Afirka kudu da Sahara.

A 2024 kuma, masu bincike ƙarƙashin David Willer na Jami'ar Cambridge sun kwatanta sinadaran da ke jikin kifayen da ake niƙawa da waɗanda ake samu a tsokar salmon ɗin da ya ci su. Cikin sinadarai tara da suka auna, shida raguwa suka yi, ciki har da kalsiyam da aidin da ayon da man omega-3.

Hujjar masu kiwo da amsar masu suka

Masu sana'ar kiwo suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. A 1990, kimanin kashi 90 cikin 100 na abincin salmon a Norway daga teku yake fitowa. Yau bai kai kashi 30 ba, domin waken soya da alkama da man tsirrai sun maye gurbin saura. Haka kuma, alƙaluman FAO na 2022 sun nuna cewa kashi 34 cikin 100 na garin kifi da kashi 53 na man kifi daga ragowar kifin da aka gyara don cin mutane ake yin su, wato kai da hanji da ƙaya.

Masu suka na amsawa da cewa ko da kowane kifi yana cin ƙasa da na da, yawan kifayen da ake kiwo ya ninka sau da dama, saboda haka buƙatar ba ta sauka ba. Wani bincike da mujallar Science Advances ta buga a 2024 ya sake lissafin, ya gano cewa kifin tekun da kiwo ke laƙumewa ya zarce abin da aka saba faɗa. Masana sun kuma bambanta iri da iri. Salmon da jatan lande suna buƙatar garin kifi da mai sosai, amma karfasa da dangin kifin kaf da ake kiwo a Asiya suna rayuwa akasari da tsirrai.

Madadin da ake gwadawa

Uku ne suka fi ɗaukar hankali. Na farko tsutsar wani baƙin ƙuda da ake kira sojan ƙuda, wadda ke cin ragowar abinci da sharar kasuwa ta girma cikin kusan mako biyu, a busar da ita a niƙa. Tarayyar Turai ta halatta sa garin ƙwari a abincin kifi tun 2017, cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi kuma ta daɗe tana gwada shi da ƙananan masu kiwo a gabashin Afirka. Na biyu man gansakukar ruwa, wadda daga gare ta kifin teku ke samun omega-3 tun asali. An buɗe babbar masana'antarsa a jihar Nebraska ta Amurka a 2019. Na uku furotin da ake samu daga ƙwayoyin bakteriya da yisti. Abin da ke daƙile su duka shi ne tsada da ƙarancin abin da ake iya samarwa.

Inda kimiyya ta haɗu da siyasa

Sadinela tana ƙaura tsakanin ruwan ƙasashe huɗu zuwa biyar, amma kowace ƙasa ita kaɗai ke ba da lasisi a nata ruwan, kuma babu hukuma guda mai ikon sanya iyakar kamu da za ta hau kan kowa. Ƙasar da ta rage kamu tana tsoron maƙwabciyarta ce za ta kwashe.

A Senegal batun ya shiga yaƙin neman zaɓen 2024. Bayan hawan Shugaba Bassirou Diomaye Faye, gwamnati ta wallafa jerin manyan jiragen da ke da lasisi a watan Mayu: 132 masu tutar Senegal, 19 na waje. Masu fafutuka sun daɗe suna cewa da yawa daga masu tutar gida, mallakar baƙi ne a ɓoye. A Nuwamban shekarar, yarjejeniyar kamun kifi tsakanin ƙasar da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba. A shekarar ce kuma mutum fiye da 46,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya ta teku, da yawansu a cikin kwalekwalen da aka ƙera domin su.

A matakin duniya, Farfesa Rashid Sumaila na Jami'ar British Columbia da ke Kanada, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta tare da abokan aikinsa cewa gwamnatoci sun kashe dala biliyan 35.4 a tallafin kamun kifi a 2018, kuma biliyan 22.2 daga ciki tallafi ne mai ƙara wa jirage ƙarfin kamu, kamar rangwamen mai. Irin wannan bincike ya taimaka wajen yarjejeniyar da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta cimma a Yunin 2022 ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta fara aiki ranar 15 ga Satumban 2025. Ta hana tallafa wa kamu ba bisa ƙa'ida ba da kamun kifin da aka riga aka ci ƙarfinsa, amma har yanzu ba a kammala sashe na biyu ba, wanda zai taɓa tallafin da ke ƙara yawan jirage da ƙarfinsu.

Ina ruwan Najeriya?

Alƙaluman gwamnati sun nuna ƙasar na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuma ya yi ƙasa da haka sosai. Wani ɓangare na giɓin ana cike shi da kifin ƙanƙara irin su titus da shawa da kote, waɗanda duk dangin ƙananan kifayen teku ne, kuma Moritaniya da Maroko na cikin ƙasashen da ake sayo su. Duk kifin da ya shiga injin niƙa ya fita daga kasuwar da Najeriya ke saye.

Najeriya kuma ita ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa. Abinci kan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da mai kiwo ke kashewa, kuma garin kifi na cikin kayan haɗin da suka fi tsada. Idan farashinsa ya tashi a duniya, ko darajar Naira ta faɗi, mai tafki a Kano ko Ibadan yana ji a aljihunsa. Neman madadi daga kayan gida aiki ne da ya shafi cibiyoyi irin su ta binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a Jihar Neja, da ta binciken teku da ke Legas.

A watan Agustan 2023 aka kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, aka kuma mayar da sashen kifi ƙarƙashinta. Abin da masu bibiya za su iya nema daga gare ta shi ne jerin jiragen da ke da lasisi, irin wanda Senegal ta wallafa, da sunayen masu su, adadin kifin da ake saukewa da wanda ake shigowa da shi, da kuma kuɗin da ake ware wa cibiyoyin bincike a kasafin kowace shekara.