Daga Rumbu Zuwa Ɗakin Kwana

A Sabuwa, kudancin Katsina, inda damina ta fi ta arewacin jihar tsawo, kakanninmu kan ɗora rumbu bisa duwatsu, nesa da makwanci, don kada danshi ya taɓa hatsi. Da buhu ya maye gurbin dami, tsoron ɓarayin daji kuma ya ƙaru, sai masara ta koma ɗakin da yara ke kwana. Wadda ba ta bushe ba takan yi fumfuna, yara su kwana suna shaƙa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta danshi da fumfunar gida da tari da asma. Maganin tsoho ne: a shanya sosai, a ɗaga buhu daga ƙasa, a raba hatsi da makwancin yara.