Lauyan da ya hana a miƙa sunayen mambobin NAACP

Wani mai karatu, sakataren wata ƙungiyar sa-kai, ya aiko da tambaya: ƙungiyar da ba riba take nema ba, me za ta yi da lauya? Amsar tana cikin abin da ya sami NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka.

Ranar 1 ga Yuni, 1956, Antoni Janar na jihar Alabama, John Patterson, ya maka ƙungiyar a kotu, wai ba ta yi rajistar da doka ta wajabta wa kamfanonin da suka shigo daga wasu jihohi ba. Nan take alƙali Walter B. Jones ya dakatar da ayyukanta, sannan ya umarci ta kawo takardunta, har da sunayen dukkan mambobinta a jihar.

Gwamnati ta ce doka kawai take bi. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Tun 1918 ƙungiyar ke da rassa a Alabama, ba wanda ya tuna da rajista sai da baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin bas a Montgomery, bayan kama Rosa Parks, sakatariyar reshen garin. A wancan zamani, wanda sunansa ya fito yana iya rasa aikinsa, ko gidansa, ko ransa.

A nan aikin lauya ya bayyana. Ƙungiyar ta miƙa takardun da za a iya miƙawa, amma ta riƙe sunayen talakawan mambobinta. Alƙali, wanda tun farko ya ci ta tarar dala 10,000, ya ɗaga ta zuwa dala 100,000. Lauyanta, Robert L. Carter, ya kai ƙara Kotun Ƙolin Amurka, inda ya nuna cewa tona sunayen mutane hanya ce ta tarwatsa ƙungiya ba tare da an haramta ta ba. Ranar 30 ga Yuni, 1958, dukkan alƙalan suka amince da hujjarsa.

Duk da haka kotunan Alabama suka yi ta jan ƙafa, Patterson ya zama gwamna, ƙungiyar ba ta koma aiki a jihar ba sai 1964.

Don haka, malam sakatare, ku gyara rajistarku tun kafin a tambaye ku, ku kuma nemi lauyan da ya san takardar da ake bayarwa da wadda ake riƙewa. Amanar mambobinku tana wuyanku.