Daga Agadir Zuwa Al Hauz: Girgizar Ƙasa da Nisan Asibiti a Maroko

A daren 29 ga Fabrairu, 1960, watan Ramadan yana kwanakinsa na farko, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin birnin Agadir da ke gaɓar tekun Atlantika. Girgizar ba ta wuce maki 5.8 a ma'auni ba, ba ta kuma ɗauki ko rabin minti ba, amma da yake tushenta yana dab da doron ƙasa, kuma kusa da birnin, sai ta kashe mutane tsakanin 12,000 zuwa 15,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna garin. Unguwanni irin su Talborjt da tsohuwar ganuwar da ke kan tudu suka zama tarin ƙasa. Gawawwaki suka yi yawa har hukuma ta kwashe waɗanda suka tsira daga birnin don gudun annoba.

Shekara huɗu kacal ke nan da samun 'yancin Maroko. Sarki Muhammadu na Biyar ya ba da umarnin a sake gina Agadir, aka kuwa gina shi ɗan nesa da kufan, bisa ƙa'idojin gini na jure girgiza. Darasin farko da ƙasar ta koya shi ne cewa ginin da ya ruguje shi ke kisa. Sai dai ƙa'idojin sun daɗe ba su wuce Agadir ba. Sai a farkon shekarun 2000 aka kafa dokar gini ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka sabunta a 2011. A tsakani, ranar 24 ga Fabrairu, 2004, wata girgizar ta auka wa yankin Al Husaima a arewa, ta halaka mutane fiye da 600, akasarinsu a ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Wannan ya kamata ya nuna inda haɗarin ya koma.

Gargaɗin ya tabbata a daren 8 ga Satumba, 2023, lokacin da girgiza mai maki 6.8 ta tashi daga tsaunukan Atlas a lardin Al Hauz, kimanin kilomita 70 kudu maso yammacin Marakesh. Mutane kusan 3,000 suka rasu, fiye da 5,500 suka jikkata. Marakesh ta ji jiki, amma a ƙauyukan Berber na kan duwatsu aka yi babbar asara, inda gidajen laka da dutse suka rufta kan masu barci. Masallacin Tinmel, wanda aka gina tun ƙarni na 12 a zamanin daular Muwahhidun, shi ma ya rushe.

A nan ne darasi na biyu ya bayyana, kuma na asibiti ne. Wanda bango ya danne na sa'o'i, ko an ciro shi da rai, bai kuɓuta ba tukuna. Naman jikin da ya murƙushe yakan saki sinadarai cikin jini waɗanda ke lalata ƙoda, sai an yi masa ƙarin ruwa da wuri, wani lokaci har da wankin ƙoda. Mai zubar jini a ciki kuwa tiyata yake buƙata cikin gaggawa. Duk waɗannan a manyan asibitocin birane suke, ga shi duwatsu sun gangaro sun toshe hanyoyin tsaunin. A wasu ƙauyukan maƙwabta ne suka tono 'yan'uwansu da hannu, aka riƙa shigar da agaji a kan alfadarai da jirage masu saukar ungulu. Sojoji sun kafa asibitin tafi-da-gidanka a Asni, jama'a sun yi dogayen layuka don ba da jini, ƙasar ta karɓi masu ceto daga Sifaniya da Birtaniya da Katar da Hadaddiyar Daular Larabawa. Ƙoƙari ne abin yabo, amma sa'o'in farko, waɗanda a cikinsu ake rabuwa tsakanin mai rai da mamaci, sun riga sun shige.

Nisan nan ya girmi girgizar. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa aka raba ƙasar gida biyu, aka kira filayen gaɓar teku ɓangare mai amfani, aka bar tsaunuka a baya. Likitoci suka taru a Kasabalanka da Rabat, da yawa kuma suna ficewa zuwa Turai. Mace mai naƙuda a ƙauyen tsauni ta san tsawon wannan hanya tun kafin ƙasa ta girgiza. Abin da daren Satumba ya yi shi ne ya tara wahalar shekaru ya nuna wa duniya ita lokaci guda.

Gwamnati ta yi alkawarin kashe dirhami biliyan 120 cikin shekara biyar don farfaɗo da yankin, ta kuma ware dirhami 140,000 ga duk wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya. Amma a watan Satumba na 2025 matasa suka fito zanga-zanga a birane da dama suna neman gyaran lafiya da ilimi, bayan mutuwar mata takwas masu haihuwa a babban asibitin gwamnati na Agadir, birnin da aka sake ginawa don ya jure girgiza.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Asibitin da ya gaza ceton mai haihuwa a ranar zaman lafiya ba zai iya ɗaukar ɗaruruwan majinyata a daren bala'i ba. Shirin tunkarar girgizar ƙasa yana farawa ne daga ɗakin shan magani mai ma'aikaci da wuta da jini a ajiye, da hanyar da motar asibiti za ta iya bi. Mu ma da muka ji ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018, kuma da yawa daga cikinmu a ɗakunan laka muke kwana, ya kamata mu shafa wa gemunmu ruwa.