FASHIN BAƘI: Kakar Joe Burrow ta 2019, da yadda ake auna ɗan wasan jami'a kafin a damƙa masa ƙungiya

A daren 13 ga Janairun 2020, a birnin New Orleans na Amurka, ƙungiyar Jami'ar Jihar Louisiana, wadda aka fi sani da LSU, ta doke ta Jami'ar Clemson da ci 42 da 25, ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i. Wasa 15 ta buga a kakar, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Wanda ya ja ragamarta a fili shi ne Joe Burrow, ɗan shekara 23, wanda shekara biyu kafin nan yake zaman benci a wata jami'ar.

Bayan wata uku, ƙungiyar Cincinnati Bengals ta ɗauke shi a matsayin mutum na farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL. Cikin waɗannan watanni uku an tafka muhawara kan tambaya ɗaya: abin da aka gani a 2019 nasa ne, ko na waɗanda suka kewaye shi? Amsar da shekaru suka bayar ta zama abin misali ga duk mai son sanin yadda ake auna irin wannan ɗan wasa.

Wane ne kwatabak?

Ƙwallon ƙafar Amurka ya bambanta da tamaula. Kowace ƙungiya na da mutum 11 a fili, amma galibin wasan da hannu ake yin sa. Tsawon filin yadi 100 ne tsakanin gida da gida. Ana ba masu kai hari zarafi huɗu su matsa gaba da yadi 10. Idan sun cika, a sabunta masu zarafin, idan sun gaza, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya shi ne babban ci, kuma maki 6 yake bayarwa.

Kwatabak shi ne mai karɓar ƙwallo a farkon kusan kowane hari. Shi ke sanar da dabarar da za a bi, ya karanci tsayuwar masu tsaron baya, sannan ya zaɓa: ya miƙa wa mai gudu, ko ya jefa wa mai cafewa, ko ya ruga da kansa. Daƙiƙa biyu zuwa uku yake da su kafin masu tsaron baya su cim masa. Ƙarti biyar ne ke tsaye a gabansa a matsayin garkuwa. Idan garkuwar ta tsage, a kayar da shi kafin ya jefa. Idan jifar ta kauce, abokan hamayya su cafe. Saboda haka babu matsayin da ake biya kuɗi kamar wannan a NFL, kuma babu wanda kuskure wajen zaɓensa ke jawo asara kamarsa.

Daga benci zuwa Baton Rouge

An haifi Burrow ranar 10 ga Disambar 1996. Ya tashi a yankin Athens da ke kudu maso gabashin Jihar Ohio, inda mahaifinsa ke horar da masu tsaron baya a Jami'ar Ohio. A 2015 ya shiga Jami'ar Jihar Ohio, ɗaya daga cikin manyan gidajen wannan wasa, ya shekara uku ba tare da ya zama na farko ba. A 2017 ya karye a hannu, Dwayne Haskins ya sha gabansa. Da ya kammala digirinsa a 2018, sai ya koma LSU da ke Baton Rouge, ƙarƙashin koci Ed Orgeron.

Kakarsa ta farko a can ba ta ɗaga hankalin kowa ba. Kashi 57.8 cikin 100 na jifarsa ne suka isa hannun abokan wasansa. Ya tara yadi 2,894, jifar ci 16, an cafe masa biyar. Ƙungiyar ta ci wasa 10, aka ci ta uku, ciki har da kashin da Alabama ta ba ta, 29 da nema. Masu farautar 'yan wasa na NFL sun ɗauke shi a matsayin jajirtacce mai matsakaicin ƙarfi, wanda za a iya ɗauka a zagayen baya-baya.

Abin da alƙaluman 2019 suka nuna

A shekarar da ta biyo, Burrow ya yi jifa 527, guda 402 suka isa, wato kashi 76.3 cikin 100. Ya tara yadi 5,671, jifar ci 60, shida kacal aka cafe masa. Jifar ci 60 ɗin ta karya tarihin 58 da Colt Brennan na Jami'ar Hawaii ya kafa a 2006. Ya kuma ci sau biyar da ƙafarsa.

Alƙaluma a wasan jami'a na iya yaudara, domin manyan ƙungiyoyi kan tara su a kan ƙanana. Abin da ya ba na Burrow nauyi shi ne waɗanda ya kara da su. LSU ta doke ƙungiyoyi bakwai da ke cikin goman farko a lokacin haɗuwarsu. A gidan Texas ya tara yadi 471, kuma ana dab da tashi, a zarafi na uku, ana neman yadi 17, ya zille wa masu kamu ya jefa wa Justin Jefferson ƙwallon da ta kashe wasan. A gidan Alabama, wadda ta ci LSU sau takwas a jere, ya yi jifa 39, guda 31 suka isa, aka tashi 46 da 41. A wasan kusa da na ƙarshe ya yi jifar ci bakwai a kan Oklahoma kafin hutun rabin lokaci. A na ƙarshe, Clemson da ta ci wasa 29 a jere ta fara yin gaba da 17 da 7, amma ya juya wasan da jifar ci biyar da yadi 463.

A Disambar 2019 aka ba shi lambar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'a, da ratar ƙuri'u mafi girma a tarihinta. A jawabinsa ya ambaci talauci da yunwar da ke addabar yaran yankin Athens. Cikin 'yan makonni jama'a suka tara sama da dala 500,000 ga rumbun tallafin abinci na yankin. Shi kansa bai karɓi albashi ba, domin dokokin wasannin jami'a na lokacin sun hana 'yan wasa samun kuɗi da sunansu, sai a Yulin 2021 aka sassauta. Kocinsa kuwa, bayan cin kofin, an sabunta masa kwantiragi a kan kimanin dala miliyan 7 a shekara.

Hujjojin masu shakka

Shakkar farko ita ce kaka ɗaya ce tal. Me ya sauya tsakanin 2018 da 2019? LSU ta ɗauko matashin koci Joe Brady daga ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints, ya zo da tsarin baza masu cafewa ko'ina a fili domin kwatabak ya ga gurbi da wuri. Wasu suka ce tsarin ne ya yi aiki.

Ta biyu ita ce abokan wasansa. Ja'Marr Chase ya tara yadi 1,780 da ci 20. Jefferson ya cafe ƙwallo 111 da ci 18. Garkuwar gabansa ta karɓi lambar wadda ta fi kowace a jami'o'in ƙasar. A zaɓen 2020 kaɗai an ɗauki 'yan wasan LSU 14, biyar daga ciki a zagayen farko. Mai jefa wa irin waɗannan, in ji masu shakka, ba ya bukatar zama gwani.

Ta uku ta shafi jikinsa. Ƙarfin damtsensa bai kai na Justin Herbert na Jami'ar Oregon ba. A taron gwajin 'yan wasa da aka yi a Indianapolis a Fabrairun 2020 an auna faɗin tafin hannunsa ya kai inci 9, abin da ake ganin ƙarami ne ga mai riƙe ƙwallo cikin sanyi da ruwan sama. Ga kuma shekaru: ya girmi Lamar Jackson da kusan wata ɗaya, alhali Jackson ya riga ya zama gwarzon NFL na kakar 2019.

Tsoron yana da tushe. A 2007 Oakland Raiders ta ɗauki JaMarcus Russell, shi ma daga LSU, a matsayin na farko saboda ƙarfin damtsensa, ta sallame shi bayan kaka uku. Johnny Manziel, wanda ya ci Heisman a 2012, kaka biyu kawai ya yi a NFL.

Abin da masu farauta ke dubawa

Masu wannan aiki ba sa tsayawa kan jimillar yadi. Sukan zauna da bidiyon kowace jifa su ware waɗanda tsari ya sauƙaƙa daga waɗanda ɗan wasa ya ƙirƙira. Suna duba inda ƙwallo ta sauka: a gaban mai gudu ta yadda ba zai rage sauri ba, ko a bayansa. Suna duba ko yana jefawa kafin mai cafewa ya juyo, domin a NFL gurbin da ke buɗe yanzu ya rufe kafin ƙiftawar ido. Suna duba idanunsa, ko yana wucewa daga zaɓi na farko zuwa na biyu da na uku. Mafi muhimmanci, suna duba halinsa idan garkuwa ta tsage.

A waɗannan ma'aunai ne Burrow ya yi fice. Yakan matsa taki ɗaya ko biyu ya kauce wa mai kamu ba tare da ya sauke idonsa daga fili ba, kuma saitinsa ba ya lalacewa don an matsa masa. Tsarin Brady, da aka kawo a matsayin hujja a kansa, ya zama hujja gare shi, tun da daga NFL aka aro shi kuma ya nuna zai iya tafiyar da shi. Babban abokin takararsa, Tua Tagovailoa na Alabama, ya ji mummunan rauni a ƙugu a Nuwambar 2019. Ranar 23 ga Afrilun 2020, a zaɓen da annobar korona ta sa aka yi ta bidiyo, aka kira sunan Burrow da farko. Tagovailoa ya zo na biyar, Herbert na shida.

Ladan gwaninta: ƙungiya mafi rauni

Dokar NFL ita ce ƙungiyar da ta fi kowace shan kashi ita ke fara zaɓe, domin a daidaita ƙarfin ƙungiyoyi 32 na gasar. Bengals ta ci wasa biyu ne cikin 16 a 2019. Ɗan wasa ba shi da ta cewa kan inda za a kai shi, kuma tun 2011 an ƙayyade albashin sabbin shiga. Burrow ya sa hannu kan kimanin dala miliyan 36 na shekara huɗu, alhali Sam Bradford, na farko a 2010, an ba shi tabbacin dala miliyan 50.

Nan ne aka ga abin da alƙaluman jami'a ba sa iya faɗa. Daga garkuwa mafi kyau ya faɗa bayan ɗaya daga cikin mafiya rauni. Cikin wasa 10 an kayar da shi sau 32. Ranar 22 ga Nuwambar 2020, a wasa da Washington, aka faɗa masa a gwiwar hagu, jijiyoyinta suka tsinke, kakarsa ta ƙare.

A zaɓen 2021 Bengals na da gurbi na biyar. Masu sharhi da dama sun so ta ɗauki Penei Sewell, ƙato mai tsaron gaba, domin kare Burrow. Ta ɗauki Chase, tsohon abokin wasansa. Sakamakon ya gaskata ɓangarorin biyu. Burrow ya fi kowa saiti a gasar da kashi 70.4 cikin 100, ya kai ƙungiyar ga nasararta ta farko a wasannin fitar da gwani cikin shekara 31, har zuwa wasan ƙarshe na Super Bowl. Amma an kayar da shi sau 51 a kakar, fiye da kowa, da ƙarin 19 a wasannin fitar da gwani. Bakwai daga ciki a wasan ƙarshe ne, ranar 13 ga Fabrairun 2022, wanda Los Angeles Rams ta ci 23 da 20.

A Satumbar 2023 aka ba shi kwantiragin dala miliyan 275 na shekara biyar, mafi tsoka a shekara a tarihin gasar zuwa lokacin. Bayan wata biyu jijiyar wuyan hannunsa ta tsinke. Ya dawo a 2024 ya fi kowa yadi da 4,918, ya fi kowa jifar ci da 43, amma ƙungiyar ta ci wasa tara, aka ci ta takwas, ba ta kai ga wasannin fitar da gwani ba.

Hukunci

Masu iya magana sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Da aka raba Burrow da Brady da Jefferson da garkuwar LSU, saitinsa da natsuwarsa sun bi shi, kuma ba a ƙara jin zancen tafin hannu ba. Masu shakka kuma ba su yi kuskure kan abokan wasansa ba, domin Chase da Jefferson sun zama cikin fitattun masu cafewa a NFL. Gwanaye ne suka haɗu a wuri ɗaya a shekara ɗaya, kuma da suka watse, LSU ta ci wasa biyar aka ci ta biyar a 2020.

An ɓata watanni ana auna damtsensa da tafinsa da shekarunsa. Abin da ya fi tasiri a rayuwarsa ta ƙwararre, wato mutum biyar ɗin da za su tsaya a gabansa, ba ya cikin abin da ake aunawa a Indianapolis. Jalen Hurts, wanda Burrow ya lallasa ƙungiyarsa ta Oklahoma da ci 63 da 28, sai a gurbi na 53 aka ɗauke shi a 2020. Ya faɗa hannun Philadelphia Eagles, mai ɗaya daga cikin garkuwa mafi ƙarfi a gasar, kuma a Fabrairun 2025 ya ɗaga kofin Super Bowl.